Zif a Hannun Kaftani

Duk wanda ya ji labarin tarin da maigidana ya yi a Japan, abu ɗaya yake faɗa, wai taurin kai ne. Mahaifiyarsa ta faɗa, maƙwabciyata ta faɗa, har ƙawayena na Kano da ba su taɓa saka shi a ido ba sun faɗa. Wai an aika wa mutum kayan sanyi, ya ajiye su gefe ya zauna yana tari. Taurin kai dai yana da shi, ban musa ba, ni nake zaune da shi. Amma a wannan maganar ba shi ba ne. Wasu kuma suka ce ai kayan ne ba su da kauri, a nemo waɗanda suka fi su nauyi. Su ma ba su gane ba.

A lokacin muna zaune a Taman Melati, wata unguwa a Kuala Lumpur, a wani bene kusa da tashar jirgin ƙasa. Shi yana karatun digiri na uku a fannin injiniya, ni kuma na biyo shi bayan biki, a nan na haifi 'yarmu. Wanda bai san Kuala Lumpur ba ya sani, garin nan ba shi da sanyi. Shekara ta zo ta wuce da zafi iri ɗaya. Ruwa ya sauka da la'asar kamar da bakin ƙwarya, ya ɗauke, gumi ya ci gaba daga inda ya tsaya. Sanyin da muka sani na cikin jirgi ne da na manyan kantuna, shi ma kana fitowa ƙofa ya sake ka. Suwaitar da aka cusa mini a akwati daga gida, don wai zan tafi ƙasar waje, har ta yi warin ajiya ban taɓa saka ta ba.

Abu biyu ya kamata a sani game da maigidana. Na farko, yana da asma tun yana yaro. Mahaifiyarsa ta sha ba ni labarin yadda aka kwantar da shi a asibiti wata shekara da sanyi, lokacin yana makarantar kwana a Zariya, har an fara cire rai. Zafin Malesiya ya kwantar masa da ita, abin shaƙarsa ya daɗe a durowa ba a taɓa shi ba. Na biyu, ba ya saka ƙananan kaya. Kaftani da wando da hula, ko ina za shi. Haka yake shiga ɗakin gwajinsu, ya ɗora farar rigar aiki a kai. 'Yan ajinsu da hular suke gane shi daga nesa.

Sai malamin da ke duba aikinsa ya ce zai tura shi arewacin Japan na rabin shekara, saboda akwai wani inji a can da babu irinsa a nan. Ba a ba iyali biza a irin wannan tafiyar. Zai tafi ƙarshen Satumba ya dawo Maris. Kowa yana murna, ni ma na yi, amma abin da ke raina ɗaya ne, ƙirjinsa. In asmar nan ta tashi a can, babu ni, babu uwarsa, babu wanda ya san yadda numfashinsa yake yi kafin ya shaƙe.

Ni na haɗa masa kaya. Kaftani na yadi da na shadda, suwaita mara hannu, wata jaket shara-shara, hirami, safa, da sabon abin shaƙa. A ganina na gama. Ya isa ya tarar da lokacin da suke kira kaka, ganye ya yi ja yana zuba. Kullum ya turo hoto yana tsaye ƙarƙashin bishiya, hirami a kafaɗa, yana murmushi kamar ɗan takara. Ya ce mini garin kamar Jos ne, iska mai daɗi, mutum ya yi tafiya mai nisa bai yi gumi ba. Kayan da na haɗa sun yi masa daidai.

Da Nuwamba ta yi nisa labari ya canja. Mu sanyin da muka taso da shi na safe ne. Ka tashi kana karkarwa, ka zauna a rana da kofin koko, kafin hantsi ka cire suwaita. Duk Bahaushe ya san in rana ta fito sanyi ya kusa sakin mutum. Da wannan ilimin maigidana ya leƙa taga wata safiya, ya ga rana tarwai, ya fita da kaftani da 'yar suwaitarsa. Ya ce ranar tana nan a sama kamar an zana ta, ba ta da ɗumi ko na ashana. A ranar ya fara tari.

Tun ina jin tarin jefi-jefi a waya har ya zama ba ya gama jimla sai ya tsaya. Na san wannan tarin. Busasshe ne, yana da wani ɗan fito a ƙarshensa. Na ce ya shiga kanti ya sayi kayan sanyi, ya ce ya shiga, duk na gajerun mutane ne, hannun rigar a tsakiyar hannunsa yake tsayawa. Gaskiya ne, dogo ne sosai. Na ce to ya bar mini.

Maƙwabciyata Bazazzagiya ce, matar wani lakcara, ta girme ni nesa ba kusa ba, Anti nake ce mata. Ita ta san lungunan kasuwar Chow Kit kamar tafin hannunta. Ta ce a can akwai shagunan gwanjo a saman benaye, dila-dila ake kawo musu daga Japan da Koriya, kuma kayan sanyi sun fi komai araha tunda babu mai saya. Na goya yarinya muka hau jirgi, muka canja zuwa monorel, ƙaramin jirgin da ke bi ta saman titi, muka sauka cikin warin kifi da hayaniyar kasuwa. Shagon da muka hau fanka ɗaya gare shi. Na dinga zaro jibga-jibgan riguna ina gwadawa a kan abayata, gumi yana bin bayana, mai shagon yana kallona kamar na sami taɓin hankali. Na zaɓi wadda ta fi kowacce nauyi, mai hula da gashi a bakinta. Anti ta duba rubutun wuyanta ta ce ai 'yar Japan ce, gida za mu mai da ita, Allah ya sa ta gane hanya.

Daga nan muka sayi suwaita masu hannu, da irin rigar cikin nan mai kama jiki da suke kira tamal, wadda kowa ya ce ita ce maganin sanyi. Mai dogon hannu ce, tana ɗame mutum tun daga wuya har wuyan hannu. A gidan waya aka ce ƙunshin ya yi nauyi, na zare tamal ɗaya da suwaita ɗaya na dawo da su gida, sauran suka tafi.

Kaya suka isa. Ya yi godiya, ya saka babbar rigar sanyin ya juya mini a bidiyo, muka yi dariya. Na saki jiki. Amma tari bai tafi ba, ƙaruwa ma ya yi. Bayan magariba muke waya, ya dawo daga aiki ke nan, sai in gan shi da kaftani da suwaitar nan mara hannu da ya tafi da ita tun Satumba. In na leƙa wuyansa babu alamar tamal. In na tambaya ya ce yana sakawa wani lokacin. In na matsa ya ce a ba shi 'yarsa su gaisa.

A nan ne kowa ya fara ba ni fassara. Mahaifiyarsa ta ce haka yake tun yana ƙarami, in ya ƙi abu ya ƙi shi, in yi ta haƙuri. Anti ta ce maza duk haka suke, su fi son su mutu da kwalliya, kar shadda ta yi tudu a jiki. Mijinta ya aiko ta da cewa a nemo rigar da ta fi waccan kauri. Ni kuwa haƙuri ba ya cikin abin da Allah ya ba ni da yawa. Na yi masa faɗa, na yi fushi, na ƙi ɗaga waya yini guda, na dawo na ɗaga don ba zan iya kwana ban ji numfashinsa ba. Wata rana na ga abin shaƙar a kan teburinsa, kusa da hannunsa. Ya lura na gani, ya ture shi bayan kofi.

Washegari da hantsi haushi ya ishe ni. Na ce bari in saka tamal ɗin nan da kaina in ga abin da ke cizonsa a ciki. Na ɗauko wadda ta rage, na saka. Na ɗora suwaita mai hannu. Na buɗe durowarsa na ciro kaftani cikin waɗanda ya bari, na zura a sama, na ɓalla maɓallin hannu. Na rufe tagogi, na ƙure esi har ƙarshe, na zauna a falo ina tsinke alayyahu. 'Yata ta fito ta tsaya tana kallona, ta ce da Malayanci Mama ta saka rigar Abba, ta fashe da dariya ta koma wasanta.

Ban ji komai ba. Ba ta ƙaiƙayi, ba ta shaƙe wuya, ɗumi ne da ita mai daɗi. Ina zaune ina tsara maganganun da zan gaya masa da yamma, har aka kira azahar.

Na shiga banɗaki zan yi alwala. Na cire maɓalli, na naɗe hannun kaftani, ya hau. Na tura na suwaita, ya hau da ƙyar. Na zo kan tamal. Ta matsa kaɗan ta tsaya a tsakiyar hannu, inda naman yake da kauri, riguna biyun nan sun taru sun yi mata gammo a sama. Na ja, na murɗa, ta ƙi wuce gwiwar hannu. Alwala kuwa sai ruwa ya game gwiwar hannu. Na ce bari in cusa ruwan ta ƙasa. Ruwa ya bi hannuna ya shige, tamal ta shanye shi tas. Ban yarda alwalar ta yi ba, don haka na tuɓe kaftani, na tuɓe suwaita, na tuɓe tamal, na sake sabuwa, sannan na mai da su ɗaya bayan ɗaya. Na koma ƙarƙashin esi da jiƙaƙƙen hannun riga. Kafin in sallame salla ji nake kamar an ɗaura mini ƙanƙara a wuyan hannu. Har atishawa na yi, a sanyin ƙarya na Taman Melati.

Da yamma ya kira, na bar shi ya gama tarinsa.

"Malam, yaya kake alwala a can?"

"Yadda ake yi a Kano, Hajiya. Ko an fito da sabuwa ban ji ba?"

"Da tamal a jikinka nake nufi."

Ya cire hula ya shafa kai ya mayar. Ya ce wa ya gaya mini. Na ce babu wanda ya gaya mini, jiki magayi, kuma kaftaninsa ruwan toka yana kan igiya yana bushewa.

Sai ya buɗe baki. Ya ce a can yanzu yini gajere ne, azahar da la'asar da magariba duk a wurin aiki suke samunsa, kusa da kusa. Ɗakin da injin yake ciki, sanyaya shi ake yi da gangan, kuma ba a shiga da babbar rigar sanyi, sai farar rigar aiki. Babbar rigar yana saka ta a hanya, zuwa da dawowa, amma a ƙofa yake rataye ta. Banɗakin yana ƙarshen wani dogon baranda da ba a ɗumama shi, ruwan famfon kamar reza. Kwanakin farko ya saka tamal da suwaita yadda na ce. Duk alwala sai ya tuɓe har singileti a cikin wannan sanyin, babu ko ƙusar rataye kaya, ya matse wata rigar a tsakanin gwiwoyi, ya ɗora wata a kai. Wata rana wani dattijon farfesa ya turo ƙofa ya same shi haka, kaftani a baki. Dattijon ya rusuna, shi ma ya rusuna da kaftaninsa a baki, dattijon ya ja ƙofa a hankali ya koma. Tun daga ranar ya ajiye duk wani abu mai matsattsen hannu.

Bai tsaya nan ba. Ya ce daga baya ya koma riƙe alwala, ya yi ta da safe a ɗakinsa ya yi ta lallaɓa ta har yamma. Don kar ta karye ya daina shan shayi da ruwa a wurin aiki. Mai asma, a ɗaki mai sanyi, maƙogwaro a bushe tun safe.

"Me ya hana ka faɗa?"

"Kin goya yarinya kin hau monorel kin sayo, in ce miki ba su yi ba?"

"Da ka faɗa da tuni an wuce wurin. Dakta guda, hannun riga ya gagare ka."

"Ban zama daktan ba tukuna. Kuma injin da nake karanta ba shi da hannu."

Na yi dariya ba don na so ba. Na ce to ya ajiye kaftani ya saka irin kayansu. Ya ce ko me ya saka hannu ne da shi, su ba sa wanke gwiwar hannu sau biyar a rana, shi ya sa ba su taɓa tunanin abin ba. A nan ya fi ni gaskiya.

Na kwana ina juya maganar. Abin da ake so shi ne ɗumin ya kasance a jikin kaftanin kansa, riga ɗaya, hannu ɗaya, wanda zai buɗe ya rufe ba tare da an tuɓe komai ba. Babbar riga ta maza ai ana yi mata shafi a ciki, me zai hana a yi wa kaftani? Da safe na kwashe kaftanan da ya bari masu ɗan yalwa, na bar yarinya wurin Anti, na koma Chow Kit ni kaɗai. Anti ta ce in na lalata wa mutum shadda kar in ce da ita aka yi shawara.

A gwanjo na sayi barguna marasa nauyi, masu laushi kamar jikin mage. Na wuce bayan kasuwar kifi, inda wata tsohuwar tela take da ɗan shago, faɗinsa bai wuce a shimfiɗa tabarma ba. Matan Najeriya can muke kai gyaran ɗinki. Makcik muke ce mata, kamar a ce gwaggo. Malayancina na cefane ne, nawa ne, rage mini, ba ni rabin kilo. Turancinta kuma bai kai nawa Malayancin ba. Na baje kaftani a kan tebur, na shimfiɗa bargo a cikinsa, na nuna mata da yatsa. Ta gane shafi nake so, amma ta kalli bargon ta kalli titi inda rana take dukan kwalta, ta tambaye ni ko mijina ba shi da lafiya. Na ce Jepun, wato Japan a bakinsu, na rungume jikina ina karkarwa. Ta gyaɗa kai.

Hannun ne ya ba mu wahala. Na ce a farke ɗinkin ƙasan hannu tun daga wuyan hannu har ya wuce gwiwa, a saka dogon zif. Ta ce zif a hannun riga ba ta taɓa gani ba, zai ɓata rigar. Na yi bayani da Hausa, na yi da Turanci, ta yi ta kallona ta saman tabarau. Da na gaji sai na miƙe tsaye, na ɗebi ruwan ƙarya a tafin hannu, na wanke fuska, na zo kan hannu, na nuna riga ta toshe ni a tsakiya. Musulma ce. Ta ajiye almakashi ta yi dariya har tana dafa keke, ta ce boleh, wato zai yiwu.

Inda muka saɓa shi ne wuya. Ni na ce shafin ya rufe ko'ina har ƙarƙashin aikin wuya, don ƙirjin nake ji. Ta ce in ta bi ta kan aikin da keke zai tattare, rigar ta karkace. Na ce ta karkace ɗin, ba gidan biki za shi ba. Ta cire tabarau ta ce tak boleh, ba zai yiwu ba, ta juya ta ci gaba da ɗinkin da take yi kamar na tafi. Na fita a fusace, na zaga kasuwa, na sayi kifin da ban yi niyyar saya ba, na dawo. Na tarar ta yanka wani ɗan ƙyallen bargo daban, siffar allo, wanda zai kwanta a kan ƙirji ta ciki, a maƙale shi da maɓalli a kafaɗa, bai taɓa aikin wuyan ba. Ban ce ta fi ni gaskiya ba, ita ma ba ta nema ba. Na ajiye mata rabin kifin.

Akwai wani ɗan ajin maigidana, Bamalaye, da zai bi shi can tsakiyar Disamba, ya yarda zai tafi da saƙo. Lokaci ya matse, ga shi hutun makaranta ne, lokacin bukukuwan aurensu, shagon makcik cike da kayan amare. Kullum na je ta ce gobe. Na ga gobenta ba ta da ranar zuwa, sai na fara zuwa ina zama mata a bakin ƙofa a kan wata kujerar roba, kallonta kawai nake. Da ta gaji da idona ta miƙo mini ɗan ƙarfen farke ɗinki da kaftani ɗaya, ta ce tunda na zauna in yi aiki. Haka na farke hannayen rigunan mijina da hannuna, zare bayan zare, masu tura kaya suna wucewa suna watsa mini ruwan kifi a ƙafa. Na datse hannun tamal ɗin da ta rage daga saman gwiwa, ta bi bakin da keke. Na gaya masa a waya ya nemi almakashi ya yi wa na wurinsa haka.

Da ta gama na farko na ɗauka na tafi ɗakin sallar mata da ke kusa da kasuwar, na zura shi a kan abaya. Na ja zif, hannu ya buɗe gida biyu, na jefa shi kan kafaɗa, na wanke har gwiwa da sarari, na goge, na ja zif ya rufe. Ko ɗigo bai taɓa rigar ba. Wasu tsofaffin Malayawa da ke gyara lulluɓi suka tsaya suna kallon baƙar mace cikin rigar maza mai bargo, ɗaya ta matso ta ja zif ɗin sama da ƙasa da kanta, ta ce wa 'yar'uwarta wani abu suka yi dariya. Aibi ɗaya na samu, haƙoran zif ɗin suna taɓa fata, kuma na san a can ƙarfe sanyi zai ɗauka. Na koma na faɗa, makcik ta ƙara siririn ƙyalle ya rufe su ta ciki. Wandunan ma aka yi musu shafi. Tsagar gefen kaftani ta rage mata tsawo don kar iska ta samu ƙofa.

Na kai ƙunshin tashar jirgi, matar ɗan ajin nasa ta karɓa. Ranar da ya isa maigidana ya kira ni da wuri. Ya ja baya daga waya don in gan shi duka. Ya yi ƙiba a ido kamar wani ɗan kasuwar Kwari. Ya ɗaga hannu ya ja zif, ya rufe, ya sake ja.

"Hajiya, kin mai da ni akwati."

"In dai akwatin yana numfashi, ya ishe ni."

Ya koma shan shayi a wurin aiki. Alwala ta zama abin minti kaɗan, babu tuɓe komai. Sannu a hankali fiton nan na ƙarshen tarin ya ɓace, ya fara gama magana ba tare da ya tsaya ba. Abin shaƙar ya bar kan tebur. Amma tarin bai mutu duka ba, yana nan da sassafe da kuma in ya dawo daga aiki, ga shi an ce sanyin Janairu ya fi na Disamba, dusar ƙanƙara ta riga ta rufe musu hanyoyi.

Wata yamma muna waya ya karkatar da ita zai ɗauko kofi, na hango hitar da ke ɗumama ɗakinsa. Safa ce jere a kanta, sun kai na mutum uku. Na tambaya. Wannan karon bai yi mini zagaye ba. Ya ce ƙafa ce. Sai ya cire takalmi da safa a kan tayil mai sanyi, ya ɗaga ƙafa cikin ɗan kwanon wanke hannu, ya wanke, ya goge da takarda, ya mayar cikin safa da sauran danshi, a haka zai tsaya gaban inji har wata sallar, a haka zai tako ƙanƙara zuwa gida. Yatsunsa sun fara ja suna ƙaiƙayi, wani lokacin ba ya jin su.

Na ce huffi fa? Safar fatar nan da ake sakawa bayan alwalar asuba, sauran yinin a shafa a kanta kawai. Mun karanta a Islamiyya, duk da ban taɓa ganin wanda ya saka ba, tunda a Kano wa zai kulle ƙafarsa a fata. Ya ce ya san hukuncin sarai, ya halatta, amma shi bai taɓa yi ba, zuciyarsa ba ta kwanta ba. In bai ji ruwa a tsakanin yatsunsa ba sai ya ga kamar da rabin alwala ya yi salla. Na ce zuciyarsa ce ba ta kwanta ba, ni kuma ƙirjinsa ne bai kwanta mini ba. Ya ce zai duba. Na san irin "zan duba" ɗinsa.

Mutum ɗaya ne in ya ce masa yi, zai yi ba tare da ya duba ba, mahaifinsa. Dattijo ne, malami, a zaurensa maigidana ya yi karatun fikihu tun kafin boko. Ni kuwa tunda aka kawo ni gidansu magana ba ta taɓa haɗa ni da shi ba bayan gaisuwa, ita ma a durƙushe, kaina a ƙasa. Suruka ba ta kiran surukinta a waya ta kawo masa ƙarar ɗansa. Na yi tunanin in bi ta wurin Hajiya mahaifiyarsa, na ga kafin maganar ta isa an rage mata gishiri, Janairu kuma ba za ta jira ba.

Na ɗauko tsohon takalminsa na Juma'a daga bayan ƙofa na saka a leda, don gwada girma. Gobe in na ajiye yarinya wurin Anti zan wuce layin masu sayar da kayan alhazai, in nemo huffi mai laushi, in kai gidan waya kafin su tashi. In na dawo, daidai lokacin da gari ya waye a Kano Baba ya fito zaure, zan kira shi da kaina. Zan gaishe shi yadda ya kamata, in tambayi jiki da al'amura, sannan in gaya masa halin da ƙafar ɗansa take ciki.